Max Theiler, Likitan da Ya Samo Allurar Rigakafin Shawara

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa ko kakarsa sansanin alhazai ya san wani ɗan kati mai ruwan ɗorawa da ake haɗawa da fasfo, a sa su cikin jaka guda, a yi ta lalubawa kada su ɓace. Haka kuma ɗan kasuwa mai zuwa Akra, ko ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Masar ko Indiya, ba ya kama hanya sai da wannan kati. Katin shaida ce cewa an yi wa mai shi allurar rigakafin zazzaɓin shawara. Da yawa daga cikinmu mun gan shi, wasunmu ma suna da nasu, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya samo allurar, da irin wahalar da aka sha, da rayukan da aka rasa kafin a kai ga samunta. Labarin wannan mutum nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. Sunansa Max Theiler, ana kuwa faɗin sunan kamar a ce Taila.

Cutar da ta gagari likitoci

Kafin mu shiga tarihinsa ya kamata mu san abokin gābar da ya yi fama da shi. Hausawa kan kira duk ciwon da ke mai da ido ruwan ɗorawa da sunan shawara, alhali kuwa cututtuka dabam dabam ne ke kawo haka. Wanda muke magana a kansa shi ne zazzaɓin shawara, wanda sauro ke yaɗawa. Sauron nan ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ke damunmu da dare. Wani baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, ya fi cizo da rana, yana kuwa yin ƙwai a cikin ruwan da aka ajiye a randa ko tulu ko duro, ko wanda ya taru a tsohuwar taya da gwangwani.

Idan sauro mai ɗauke da cutar ya ciji mutum, bayan kwana 3 zuwa 6 sai zazzaɓi ya rufe shi, da ciwon kai da ciwon baya da amai. Yawancin mutane sukan warke cikin kwana uku ko huɗu. Amma akwai waɗanda, bayan sun ɗan ji sauƙi na yini guda har ana yi musu barka, sai ciwon ya komo da ƙarfi. Hanta da ƙoda su lalace, ido ya yi ɗorawa, jini ya riƙa fita ta hanci da baki, aman ma ya koma baƙi. Kimanin rabin waɗanda suka kai wannan mataki sukan rasu cikin kwana 7 zuwa 10. Har yau ɗin nan babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar idan ta shiga jiki, sai dai a yi ta jinyar majiyyaci, Allah ya yi ikonsa.

Shekaru aru aru cutar nan tana ɓarna a gabar tekun Afirka ta Yamma da ƙasashen Amurka masu zafi. Ita da zazzaɓin cizon sauro suka kashe ma'aikata fiye da 20,000 sa'ad da Faransawa suka so haƙa mashigin ruwan Panama, har suka bar aikin a 1889. A 1881 wani likitan ƙasar Kyuba mai suna Carlos Finlay ya ce sauro ne ke yaɗa ta, aka yi watsi da maganarsa. Sai a 1900 wata ƙungiyar likitocin sojan Amurka a ƙarƙashin Walter Reed ta tabbatar da gaskiyarsa. Daga nan aka shiga yaƙi da sauro, aka tsabtace birnin Habana, aka kuma iya gama mashigin Panama a 1914. To amma ƙwayar cutar kanta ba a kama ta ba tukuna, balle a yi maganar rigakafi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Max Theiler ran 30 ga Janairu 1899 a Firitoriya, cikin ƙasar da ake kira Afirka ta Kudu yanzu. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Arnold Theiler, likitan dabbobi ne mutumin Suwizalan wanda ya yi ƙaura zuwa can a 1891. Bai daɗe da zuwa ba injin yanka harawa ya datse masa hannun hagu, amma wannan bai sa ya zauna ba. Da hannu ɗaya ya yi fama da bushiya sa'ad da ta auka wa shanun ƙasar a 1896, ya kuma kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Onderstepoort a 1908, wadda har yanzu tana nan. Watau Max ya tashi ne a gidan da ake hirar kaska da jinin shanu da ƙwayoyin cuta a wajen cin abinci. Yayarsa Gertrud ma ta zama babbar masaniyar kaska.

Ya yi makaranta a Firitoriya, in ban da shekara guda da ya yi a birnin Basel na ƙasar iyayensa. Sa'an nan ya shiga Kwalejin Rhodes, ya wuce makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Cape Town daga 1916 zuwa 1918. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya tafi Landan, ya yi karatu a Asibitin St Thomas, kuma a 1922 ya sami takardar izinin yin aikin likita. A shekarar nan ce kuma ya yi kwas a makarantar koyon cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Abin mamaki, mutumin nan da duniya ta girmama daga baya bai taɓa samun babban digirin dakta na jami'a ba. Takardar da ya fito da ita Landan ita ce ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

A cikin 1922 ɗin aka ba shi ƙaramin aiki a sashen cututtukan ƙasashe masu zafi na Jami'ar Harvard a Amurka, a ƙarƙashin wani malami mai suna Andrew Sellards. Da fari atuni ya yi bincike a kai, da wani zazzaɓi da ake samu daga cizon ɓera. Daga baya ya juya ga shawara.

A lokacin akwai wani shahararren masani mutumin Japan, Hideyo Noguchi, wanda ya ba da sanarwa cewa ya gano abin da ke kawo shawara, wai wata ƙwayar bakteriya ce mai siffar murɗaɗɗen zare. Har allurar rigakafi aka yi da ita aka rarraba. Saboda girman sunan Noguchi mutane da yawa suka karɓa. A 1926 Theiler, yana ɗan shekara 27, shi da Sellards suka nuna cewa ƙwayar nan ta wata cuta ce dabam da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, wadda ita ma takan mai da ido ɗorawa. Ashe kamannin ciwon biyu ne suka ruɗi babban malami.

Jinin Asibi

A nan labarin ya iso ƙasashenmu. A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa hukumar binciken shawara a Afirka ta Yamma, ta yi mata mazauni a Yaba, cikin Ikko. A watan Yuni 1927 cutar ta ɓulla a wani gari mai suna Kpeve a Gwalkwas, wadda ita ce Gana yanzu. Wani likitan hukumar, Alexander Mahaffy, ya je can ya ɗebi jinin wani mutum ɗan shekara 28 mai suna Asibi, wanda ke kwance da zazzaɓi. Aka yi wa wani irin biri da aka kawo daga Indiya allurar jinin nan, ba a daɗe ba birin ya kamu da shawara ya mutu. Asibi kuwa ya warke sarai.

Wannan babban buɗi ne, domin shi ne karo na farko da aka sami dabbar da za a iya riƙe cutar a jikinta a yi ta nazari. A Yaba likitoci uku, Adrian Stokes da Johannes Bauer da Paul Hudson, suka yi ta ɗaukar cutar daga wannan biri zuwa wancan. Suka tace jinin da matatar da bakteriya ba ta iya ratsawa, duk da haka ruwan da ya fito ya kashe biri. Da haka aka tabbatar cewa bairos ne ke kawo shawara, watau wata ƙwayar cuta ƙanƙanuwa ƙwarai wadda madubin likita na zamanin bai iya ganinta ba.

Amma fa ilmin nan da tsada aka saye shi. Stokes ya kamu da cutar a wajen aikin, ya rasu a Ikko a watan Satumba 1927. Noguchi ya zo Akra don ya duba maganarsa da kansa, shi ma ya kamu ya rasu a watan Mayu 1928, kuma bayan 'yan kwanaki abokin aikinsa William Young ya bi shi. A 1929 Paul Lewis ya rasu a Barazil, a 1930 Theodore Hayne ya rasu a Ikko. Dukansu shawara ce ta kashe su, a cikin neman maganinta. Cibiyar binciken cututtuka ta Jami'ar Gana da aka buɗe a 1979 sunan Noguchi aka sa mata.

Daga biri zuwa ɓera

Theiler bai zo Afirka ta Yamma a wannan lokaci ba. Maigidansa Sellards ne ya je Dakar, inda shi da likitocin Faransa suka kama bairos ɗin daga jinin wani majiyyaci, ya kai shi Harvard a daskare cikin ƙanƙara. Matsalar ita ce aiki da birai yana da wuya. Sai an yi odarsu daga Indiya da kuɗi mai yawa, ga cizo da yakushi, ga shi kowane ɗigon jininsu yana iya kashe mutum. Masana da dama sun gwada ɓeraye ba su ga komai ba, aka yanke cewa ɓera ba ya kamuwa da shawara.

Theiler ya ce bari ya sake gwadawa ta wata hanya. Maimakon ya yi wa ɓeran allura a ciki ko a fata, sai ya sa ƙwayar cutar kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar fararen ɓerayen da ake kiwo don bincike. Sai ga shi sun kamu, suna mutuwa da ciwon ƙwaƙwalwa. Ana cikin wannan aiki a 1929 shi ma cutar ta kama shi. Allah ya sa da sauran kwanansa, ya tashi, kuma tun da wanda ya warke daga shawara ba ya sake yinta, daga ranar ya iya aikinsa ba tare da fargaba ba. Ya buga sakamakon bincikensa a 1930.

Ya kuma lura da wani abu. Idan aka yi ta ɗaukar bairos ɗin daga ƙwaƙwalwar wannan ɓera zuwa ta wancan sau da yawa, sai halinsa ya sauya. Ya ƙara zafi a kan ƙwaƙwalwa, amma ya rage ɓarna a hantar biri. Watau ke nan ana iya horar da ƙwayar cutar, a rage mata dafi, kamar yadda ake horar da ɗan doki.

A 1930 Wilbur Sawyer ya ɗauke shi aiki a ɗakin binciken Gidauniyar Rockefeller da ke birnin Niyu Yok, inda ya shafe fiye da shekara talatin. Can aka mai da aikin ɓerayensa wata hanya ta gwaji. Sai a ɗebi ruwan jinin mutum, a gauraya da bairos, a yi wa ɓeraye allura. In sun rayu, an san mutumin ya taɓa yin shawara ko da bai sani ba, jininsa ne ya kare su. Da wannan gwaji aka bi ƙasashe ana ɗibar jini, sai aka ga cutar ba a bakin teku kaɗai take ba, ta ratsa Afirka tun daga Senegal har kudancin Sudan da Yuganda. A 1932 kuma aka gano a Barazil cewa tana zaune a daji tsakanin birai da sauron daji. Tun da ba mai iya kashe sauron da ke cikin kurmi, dole sai an nemi allura.

Yadda aka sami 17D

Faransawa suka ɗauki bairos ɗin da Theiler ya horar a ƙwaƙwalwar ɓera suka yi rigakafi da shi a Dakar. Ana ɗan tsaga fatar damtse ne a shafa, tare da lambar agana. Daga 1941 suka tilasta wa mutanen ƙasashen da suke mulka, har da Nijar, kuma lalle cutar ta ragu ainun a can. Sai dai Theiler bai gamsu da wannan rigakafi ba, domin yana tsoron abin da zai yi wa ƙwaƙwalwa. Tsoronsa ya tabbata, gama an yi ta samun yara da suka kamu da ciwon ƙwaƙwalwa bayan an yi musu, har aka daina yinsa baki ɗaya a 1982.

Shi abin da yake nema shi ne bairos mai rai, wanda zai koya wa jiki yadda zai kare kansa, amma ba ya taɓa hanta, ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sai ya koma kan wanda aka samo daga jinin Asibi. Shi da abokan aikinsa suka koyi raya shi a cikin kwalba, a kan ɗan nama da aka niƙa. Bayan 'yan kwanaki sai a ɗebi kaɗan daga tsohuwar kwalba a zuba a sabuwa, kamar yadda ake ɗibar ɗan tsohon nono a zuba cikin sabuwar madara don ta yi kindirmo. Suka yi haka sau 18 a kan naman ɗan tayin ɓera. Sa'an nan suka koma kan naman ɗan tsakon da bai fito daga ƙwai ba, suka yi sau 58. Daga nan suka riƙa cire ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tsakon kafin su niƙa, da fatan idan bairos ɗin ya daɗe bai ga ƙwaƙwalwa ba zai manta hanyarta.

Mu tuna wannan aiki ne na shekaru, kullum abu guda, ga layuka da yawa na kwalabe kowanne da lambarsa, kuma lokaci lokaci sai an gwada a kan ɓeraye da birai a rubuta abin da ya faru. Yawancin layukan ba su haifar da komai ba. Amma a layin da aka sa wa lamba 17D, tsakanin ɗauka ta 89 da ta 114, wani abu ya faru. Abokin aikinsa Hugh Smith ya gwada a kan birai sai ya ga ba su mutu ba, ko da an sa musu a ƙwaƙwalwa. Da aka bi su da bairos mai dafi daga baya, ko gezau ba su yi ba. Aka gwada a kan mutanen da suka yarda, abin bai wuce ɗan ciwon kai da ɗumin jiki ba, jininsu kuwa ya nuna sun sami kariya. Theiler da Smith suka bayyana wa duniya a 1937.

Wani abin lura, an sake bin hanyar nan daga farko don a ga ko za a sami irin wannan sauyi, ba a samu ba. Sauyin ya zo ne sau ɗaya tak, kuma da ba don ana gwadawa ana rubutawa ba da ya wuce ba wanda ya sani. A 1987, da ilmi ya ci gaba, masana suka kwatanta ƙirar bairos ɗin Asibi da ta 17D, suka tarar bambancin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Duk allurar shawara da ake yi a duniya yau, ko a Dakar aka haɗa ta ko a Barazil ko a Faransa, jikar 17D ce, kuma har yanzu a cikin ƙwan kaza ake raya ta. Ashe duk wanda aka yi wa allurar nan yana da alaƙa da jinin wani mutumin Gana da ya yi zazzaɓi a 1927.

Nasara da tuntuɓe

Smith ya kai allurar Barazil a 1937, kuma kafin ƙarshen 1938 an yi wa kimanin mutum miliyan ɗaya. Tsakanin 1940 da 1947 Gidauniyar Rockefeller ta haɗa fiye da allura miliyan 28 ta rarraba kyauta.

Hanyar ba ta rasa gargada ba. A farko ana zuba ruwan jinin mutum cikin allurar don kada ta lalace. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi wa sojojin Amurka ita, sai kimanin 50,000 daga cikinsu suka kwanta da ciwon hanta, wasu suka rasu. Da aka bincika aka ga laifin ba na 17D ba ne. Wasu daga cikin waɗanda suka ba da jini ne ke ɗauke da wata cutar hanta da ba a san ta ba a lokacin, wadda yanzu ake kira ciwon hanta nau'in B. Nan da nan aka daina sa ruwan jinin mutum. A Barazil kuma aka lura cewa idan aka yi ta ɗaukar bairos ɗin daga kwalba zuwa kwalba ba iyaka, halinsa yakan sake sauyawa. Saboda haka aka kafa doka, a ajiye iri guda da aka tabbatar da kyansa, kamar yadda manomi ke ware damin iri, duk allurar da za a yi daga gare shi za a ɗiba. Wannan ƙa'ida ce masu haɗa alluran rigakafi ke bi har yau.

A 1951 aka ba Max Theiler Kyautar Nobel ta fannin likitanci, shi kaɗai a shekarar. Shi ne mutum na farko haifaffen Afirka da ya sami wannan kyauta. A shekarar nan kuma aka naɗa shi shugaban ɗakunan binciken Gidauniyar a Niyu Yok, ya ci gaba da nazarin sauran cututtukan da sauro da kaska ke yaɗawa. A 1964 ya koma Jami'ar Yale ya zama farfesa, ya yi ritaya a 1967. Ya auri Lillian Graham tun 1928. Ya rasu ran 11 ga Agusta 1972 a garin New Haven, yana da shekara 73.

Abin da ya shafe mu

Iyayenmu za su tuna cewa dā katin matafiyi yana da shafin agana da na kwalara. An daina neman na kwalara a 1973, agana kuwa an ba da sanarwar ƙarewarta a duniya a 1980. Shafin shawara yana nan, domin cutar tana nan. Ta yi ɓarna a yankin Jos a 1969, da Binuwai a 1986, da Oyo a 1987, ta kuma ɓulla a Jihar Bauchi a 2019. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2013 ta kashe mutum tsakanin 29,000 da 60,000 a Afirka.

Katin yana kare mai shi, yana kuma kare mutanen ƙasar da za shi. Indiya da Saudiyya da sauran ƙasashen Asiya suna da irin sauron nan amma ba su da cutar, matafiyi guda mai zazzaɓi kuwa yana iya kai musu. A 2016, lokacin annobar Angola, an sami ma'aikata 'yan ƙasar Sin da suka koma gida da ita a jikinsu. Shi ya sa Saudiyya ke neman katin daga alhazan Nijeriya da Nijar, tare da shaidar allurar sanƙarau.

Mai shirin tafiya ya sani cewa katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada a bari sai ana gobe tashi. Dā akan sake ta bayan shekara goma, amma tun daga watan Yuli 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har abada. A Nijeriya ana yi wa jarirai ita a wata tara, tare da ta ƙyanda. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata shida ba. Mai ciki, da wanda cin ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani, da mai ciwon da ya raunana garkuwar jiki, da wanda ya haura shekara 60, su faɗa wa likita halinsu kafin a yi musu. Allurar nan kuma ba ta hana zazzaɓin cizon sauro, saboda haka matafiyi ya tafi da gidan sauronsa da maganin da likita ya rubuta masa, ya kuma kula da ruwan da yake sha.

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Wasu sukan ba da kuɗi a buga musu hatimi a kati ba tare da an yi musu allura ba. A watan Maris 2012 Afirka ta Kudu, ƙasar da aka haifi Theiler, ta mayo da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgin sama bisa zargin katunansu na jabu ne, har abin ya kawo saɓani tsakanin ƙasashen biyu kafin ta ba da haƙuri. Ko da mai katin jabu ya wuce gaban ma'aikaci, sauro ba ya karanta kati. Kansa ya cuta, ya kuma sa iyalinsa da maƙwabtansa cikin haɗari.

Mu kuma ɗalibai, akwai abin koyi a rayuwar mutumin nan. Bai fito da babban digiri ba, bai ji tsoron duba maganar wanda ya fi shi suna ba, kuma ya yi shekaru yana maimaita aiki guda yana rubuta abin da ya gani. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Idan an zo hutu, kowannenmu ya tambayi mahaifiyarsa ko an yi masa allurar wata tara, ya duba katin ƙannensa, ya kuma kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyin da ke tara ruwa a bayan gida. Allah ya ba mu lafiya da ilmi mai amfani, amin.